Darasi: Rubutun Ingila ko na Amurka a Takardar Neman Makaranta?

'Yan'uwa manoma, bayan kaka da yawa daga cikinmu mukan sayar da buhun gero ko na gyaɗa don a nema wa yaro makaranta. Wasu makarantu, da masu ba da taimakon karatu, sukan ce yaro ya rubuta takarda da Turanci, ya faɗi dalilin da ya sa yake son a ɗauke shi. Ko Turancinmu bai yi nisa ba, akwai abin da za mu iya duba masa.

Turanci ɗaya ne, amma waɗansu kalmominsa iri biyu ake rubuta su. Garma a Ingila plough ce, a Amurka plow. Aikin ƙarfi labour ne a Ingila, labor a Amurka. Haka centre da center, litre da liter. Wani malamin makaranta Ba'amurke, Noah Webster, shi ya kafa wannan hanya a ƙamus ɗinsa na 1828, mutanen ƙasarsa suka bi shi. Babu wadda take kuskure a cikin biyun.

To, wace za mu bi? Ta Ingila. Ita muka gada a makarantunmu, ita ce kuma a takardun gwamnati. Ku duba allon asibitin ƙauye, Health Centre za ku gani. Malamin da zai karanta takardar a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, ko a Kwalejin Horon Malamai ta Bichi, da ita idonsa ya saba. Sai fa in makarantar a Amurka take, sa'an nan a bi tasu.

Babban aibi shi ne gauraye. Yaro ya rubuta labour a sama, ya sauko ƙasa ya rubuta color. Mai karatu ba zai ce yaron nan ya san hanya biyu ba, cewa zai yi bai riƙe ko ɗaya ba. Sau da yawa ma ba laifin yaron ba ne. Waya da kwamfutar shagon buga takardu galibi a kan Turancin Amurka suke zuwa, su ja jan layi ƙarƙashin kalmar da take daidai, mai shago kuwa ya "gyara". A gaya masa tun farko ya sa na'urar a kan Turancin Ingila.

Kwanan wata ya fi wannan haɗari. Mu 3/4 muna nufin 3 ga Afrilu, Ba'amurke kuwa 4 ga Maris zai karanta. Ranar haihuwa ta saɓa da ta takardar shaida ke nan. A rubuta sunan watan da haruffa.

Aikin taron ƙungiya na wannan mako: kowa ya zo da takardar ɗansa ko 'yarsa. A sami mai karatu ɗaya ya bi ta layi layi, yana neman kalmomin da suka ƙare da our ko or, da re ko er, kafin a kai ta.