Yaron da Ya San Karatu Amma Ya Kasa Zama: Shawara ga Malaman Moriki da Kewaye

A kowane ajin firamare, daga Moriki zuwa Ƙauran Namoda, daga Shinkafi zuwa Zurmi, akwai yaron da malami ke haddace sunansa tun makon farko saboda yawan kira. Shi ne mai leƙen taga, mai tsokanar na kusa da shi, mai ba da amsa tun ba a gama tambaya ba. Fensirinsa ya ɓace, littafinsa yana gida, aikin da aka bayar ya yi layi biyu ya tsaya. Iyayensa sun riga sun yanke hukunci: "Yaron ga kunnen ƙashi gare shi, Malam, a ci gaba da ba shi kashi." Akwai kuma wadda ba a cika lura da ita ba, yarinya mai shiru a bencin baya, ido na kan allo, hankali na wani gari. Ita ba ta shan duka sosai. Daƙiƙiya ake ce mata a ƙyale ta, har ranar da za a cire ta a ɗora mata talla.

Abin da ke ɗaure wa malami kai shi ne, idan ya keɓe yaron nan ya tambaye shi, sai ya tarar ya san karatun sarai. Daga nan sai a ce ai da gangan yake yi. A daidai wannan gaɓar nake roƙon ku, malamai, ku dakata kafin ku ɗaga bulala.

Likitoci suna kiran wannan matsala ADHD, wato ƙarancin tattara hankali da yawan ƙiriniya da gaggawar aikatawa kafin tunani. Ta daɗe a duniya. Wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya bayyana kamanninta tun 1798, George Still kuma ya yi laccoci a kanta a Landan a 1902. Ƙididdigar duniya ta nuna kusan yara 5 cikin 100 na da ita. Binciken da Adewuya da Famuyiwa suka buga a 2007 kan 'yan firamare a Ilesa ya sami kashi 8.7 cikin 100. Ko da ƙaramin adadin muka ɗauka, ajin da ke da yara 60 zai iya ƙunsar uku. Gado ne ke da kaso mafi girma a cikin sababinta, fiye da kashi 70 cikin 100 bisa binciken tagwaye, shi ya sa sau da yawa za ku ji kaka na cewa ubansa ma haka ya yi.

A gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, akwai sashen da ke jan ragamar sauran. Shi ke riƙe umarni a ka har a gama aiki, shi ke ce wa hannu da baki "tsaya tukuna," shi ke tayar da mutum ya fara abin da ba ya marmari, shi ke auna saura minti nawa, shi ke tuna cewa gobe da littafin lissafi za a zo. Madugu ne. A wurin yaron da muke magana, raƙuma lafiya lau, kaya sun cika, hanya ma an san ta, amma madugun bai gama girma ba, sai ayari ya watse. Wani bincike da aka yi da hoton ƙwaƙwalwa a Amurka, aka buga a 2007, ya gano cewa nunar ɓawon ƙwaƙwalwar irin waɗannan yara na jinkiri da kimanin shekara 3, kuma jinkirin ya fi yawa a sashen gaba. Ɗan shekara 10 da ke gabanku zai iya yin lissafin ɗan shekara 10, amma kamun kansa na ɗan shekara 7 ne. Masanin nan Russell Barkley ya daɗe yana jaddada cewa yaron ya san abin da ya kamata, aikata shi a lokacin da ake bukata ne ke gagarar sa. Saboda haka nasiha da faɗa, ko sau ɗari ne, suna ƙara masa sanin abin da ya riga ya sani.

Amma a ƙasarmu ta arewacin Zamfara ba zan yarda kowa ya yi saurin laƙaba wa yaro wannan suna ba, domin akwai abubuwa da dama da ke zuwa da irin wannan kama, kuma sun yi mana yawa.

Na farko tsoro. Tun sace 'yan matan Jangebe 279 a Fabrairun 2021, da sace ɗaliban Kaya ta Maradun a Satumbar shekarar, wanda ya sa aka rufe makarantun jiha, karatun yaranmu yake a tsinke. Yaron da ya kwana a daji, ko ya ga an tafi da mahaifinsa, ko aka gudo da shi daga ƙauye zuwa cikin Moriki, idan ya zauna a aji kunnensa na kan ƙarar babur. Leƙen tagarsa gadi yake yi. Alamar da za ta taimake ku ita ce lokaci: ku tambayi uwarsa ko haka yake tun yana ƙarami, ko kuwa bayan wani abu da ya faru ne ya sauya. Mai firgita yakan zabura da ƙaramin motsi, yakan yi mugun mafarki, wani har fitsarin kwance ya dawo masa.

Na biyu yunwa. Tantancewar da ƙungiyar likitoci ta MSF da Ma'aikatar Lafiya suka yi a Shinkafi da Zurmi a Yunin 2024, kan yara fiye da 97,000 'yan ƙasa da shekara 5, ta sami kashi 27 cikin 100 da tamowa. Waɗannan yaran ne ke shigowa aji ɗaya da aji biyu yanzu. Ƙarancin jini da fitowa ba kari suna kashe hankali tun kafin a tashi tara. Sai rashin barci, da kunnen da ke zubar da ruwa, da idon da ba ya hango allo, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Akwai wata irin farfaɗiya ma da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙame na 'yan daƙiƙoƙi yana kallon wuri guda, a kira shi bai ji ba. Kada kuma mu manta da gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010. Dalma na lalata tattara hankali, don haka idan ana niƙa ko wanke dutsen zinariya a gidan su yaro, a gaya wa likita.

Ma'aunin da likitoci ke bi shi ne alamun su bayyana kafin shekara 12, su daɗe aƙalla wata 6, a gan su a wuri biyu ko fiye, kamar gida da boko da Islamiyya, kuma su zama suna cutar da karatu ko zama da mutane. Malami ba ya yanke hukuncin cuta. Amma dabarun da zan kawo ba sa jiran takardar asibiti, kuma suna amfanar mai firgita da mai yunwa kamar yadda suke amfanar mai ADHD.

Ƙa'idar guda ce: duk abin da kan yaron ya kasa riƙewa, a fito da shi waje inda ido zai gani, hannu ya taɓa.

Ku fara da wurin zama. A dawo da shi gaba, kusa da inda kuke tsayawa, nesa da taga da ƙofa, a gefensa a sa yaro mai natsuwa wanda ba ya tsangwamarsa. Yaron da ke firgita kam a bar shi inda zai iya ganin ƙofa, hankalinsa ya fi kwanciya. Sannan umarni. "Ku fito da littafi, ku buɗe shafi na 20, ku ja layi, ku rubuta kwanan wata, ku yi lamba ɗaya zuwa goma" umarni biyar ne a numfashi ɗaya. Yaronmu ya kama na farko da na ƙarshe, na tsakiya sun zube. Ku matso, ku kira sunansa a hankali, ku ba shi ɗaya, ku ce ya maimaita muku. Sauran a rubuta su a kusurwar allo, a bar su a nan har ƙarshen darasi.

Aiki kuma a yanka shi. Maimakon lissafi 10, a ba shi 3, ya kawo a duba, a ƙara masa 3. Tasowar da zai yi ya kawo littafin ita kanta magani ce, domin jikinsa ya sami motsin da yake nema ta halastacciyar hanya. Tsakuwa biyar a kan benci, yana gusar da ɗaya duk lokacin da ya gama tambaya, suna nuna masa inda ya kai da abin da ya rage. Lokaci ma a mai da shi abin gani: ku zana layuka goma a gefen allo, kuna share ɗaya bayan kowane minti. "Saura kaɗan" ba ta da ma'ana a wurinsa, amma layi biyu da suka rage yana ganin su. Ku ba shi muƙami mai motsi, share allo, raba littattafai, kai rajista ofishin hedimasta. Kuma don Allah kada horonsa ya zama hana shi fita tara. Wanda aka tsare lokacin wasa, a darasi na gaba zai fanshe.

Wani abin da nake so malaman boko su tsaya su duba da kyau shi ne makarantar allo. Alaramma yana ba kowane yaro gwargwadon abin da zai iya ɗauka, a rubuce a kan allonsa, a hannunsa. Yaro na karantawa da murya, yana bi da yatsa, jikinsa na rausaya ba wanda ya ce ya daina. Idan ya iya sai ya je ya biya nan take, a ce ya wanke, a ɗora masa na gaba. Ɗan guntun aiki, da murya, da motsi, da sakamako a take: kusan duk abin da masana ke ba da shawara ke nan. Shi ya sa wani yaron da ya gagari ajin boko za ku tarar yana tafiya a allo. Tsarin nan namu ne, kuma ɗaukar sa bai bukatar ko sisi. Dorinar ce kawai ba na so a ɗauko.

Ga dalilina. Duka na aiki ne idan wanda aka daka zai tuna zafin a daidai lokacin da zai sake laifin, ya kame kansa. To wannan tunawar da kamewar su ne ainihin abin da ya yi rauni a wurin yaron. Sai ya sha bulala da tsallen kwaɗo yau, gobe ya maimaita, malami ya ƙara hannu. Abin da yake koya a ƙarshe shi ne shi mugun yaro ne kuma makaranta gidan azaba ce. A garin da yaron da ya bar aji yake da masu jiran sa, a tasha da wurin masu ƙwaya da ma cikin daji, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Horo ya kasance, amma gajere, nan take, ba tare da kunyatarwa a gaban aji ba. Yabo kuma ya fi shi yawa nesa ba kusa ba, kuma a ambaci abin da ya yi: "Madalla, ka ɗaga hannu kafin ka yi magana."

Na san za a ce mai yara 80 ina ya ga lokacin mutum ɗaya. Akwai dabarar da aka fara gwadawa a Kansas ta Amurka, aka buga sakamakonta a 1969, aka kuma maimaita ta a ƙasashe da yawa. A raba aji rukuni-rukuni, a kafa doka uku kacal, a ware minti 10 na darasi a ce wasa ya fara, ana rubuta makin kowane rukuni a allo. Waɗanda suka kiyaye su sami ɗan abu, kamar fara fita tara. Na fi son a ƙirga kiyaye doka maimakon karya ta, don kada rukuni ya tsani yaron da ke jawo musu faɗuwa.

Da iyaye kuma, kada kiran farko ya zama na ƙara. Ku fara da abin da yaron ya iya. Ku zaɓi hali biyu kawai da ake son gyarawa, a ɗinka ɗan kati, kullum malami ya sa alama, yaro ya kai gida. Uwar da ba ta karatun boko za ta gane alamar daidai da ta kuskure, ko a rubuta mata da ajami. A haɗa masa jaka tun da dare, a rataye ta wuri guda. Idan iyaye suka ce iska ce ko sammu, kada ku yi musu dariya ko gardama. Addu'a ba ta hana neman magani, ku roƙe su a haɗa biyun.

Idan an yi zango guda ana wannan ba sauyi, ko ana zargin farfaɗiya, kunne ko ido, a fara da babban asibiti mafi kusa, daga nan a nemi takardar turawa zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Hanya ba daɗi, tafiyar kuma da tsada, don haka kada a je hannu rabbana. Malami ya rubuta shafi guda: me yaron ke yi, tun yaushe, a wane darasi ya fi tsanani, me aka gwada. Akwai magani mai aiki, irin su metilfenidet, amma likita kaɗai ke rubuta shi bayan bincike, yana kuma bibiyar nauyin yaro da barcinsa da bugun zuciyarsa. Kada kowa ya sayo maganin mura mai sa barci a kemis don a kwantar da yaro. Wannan cutarwa ce.

Saura hedimastoci da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi. Wani bincike da Lasisi da abokan aikinsa suka buga a 2017 kan malaman firamare a Kaduna ya nuna cewa horon 'yan sa'o'i kaɗan ya inganta saninsu da yadda suke kallon irin waɗannan yara. Gwamnatin Zamfara ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwambar 2023, kuma muna da Kwalejin Ilimi a Maru da ta Tarayya a Gusau da za a iya neman masu horarwa daga cikinsu. Kafin hakan ta samu, hedimasta na iya ware rabin sa'a a taron malamai na wata, kowane malami ya kawo yaro ɗaya da dabara biyu da zai gwada a kansa, a taro na gaba ya faɗi abin da ya gani.