Shawarwari ga Mai Kai Iyali Hawan Dutse da Hunturu

Da an gama girbin dawa, baƙi suka sauka Zuru don bikin Uhola ko hutun ƙarshen shekara, ba a rasa yaran da za su matsa a kai su kan duwatsun da ake hangowa daga unguwar Rikoto. Duk wanda ya amsa zai kai su, amanar rayuka ya ɗauka.

1. Fara da tambayar lafiyar hanya. Masarautar Zuru ta sha fama da 'yan bindiga, musamman ta wajen Danko-Wasagu da Sakaba. Ka ji ta bakin mai unguwa da 'yan banga a daren tafiya, don labarin makon jiya ya tsufa. In suka ce a dakata, a dakata. Sannan ka nemi ɗan ƙauyen gindin dutsen, mafarauci ko manomi, ya shige muku gaba.

2. Ka yanke lokacin juyowa tun kuna gida. A ganina wannan ya fi komai. A watan Disamba rana kan faɗi da an ɗan gota ƙarfe 6, hazo kuma kan ɓoye gari da hanya tun kafin nan. Ku fita da sassafe, ƙarfe 1 ta same ku kuna gangarowa, ko kun kai ƙololuwa ko ba ku kai ba. Samari za su yi gunaguni, ka ƙyale su. A gangara ake yawan faɗuwa, lokacin gwiwa ta gaji, tsakuwa kuma na zamewa a ƙarƙashin busasshiyar ciyawa. Ka sanar da uwargida inda kuka nufa da lokacin dawowa, domin waya kan ɗauke a bayan dutse.

3. Kowa ya riƙe ruwa aƙalla lita 2. Iskar hunturu na busar da gumi nan take, mutum bai san jikinsa na ƙafewa ba. A haɗa da gyaɗa, ƙuli-ƙuli da dabino.

4. Rigar sanyi, takalmi sau ciki, man kaɗanya ga leɓe da dunduniya. Silifa ta zauna a gida. Mai asma ya tafi da maganinsa da takunkumi.

5. Mafi rauni shi ke tsayar da saurin tafiya. Babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, a ƙirga kai duk inda aka huta.

6. Kada yaro ya cusa hannu a kogo ko ƙarƙashin dutse, nan kububuwa da kunama ke fakewa. In maciji ya sari wani, ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ɗaure ƙafa tamau. A hana shi tafiya, a ɗauke shi zuwa babban asibitin Zuru.

7. Lokacin ƙonar daji ne. Wuta ta fi mutum saurin hawan tudu, don haka in kun hango hayaƙi a ƙasanku, ku kauce ta gefe zuwa falalen dutse ko inda ya riga ya ƙone.

8. Kakannin al'ummar Lelna sun zauna a kan tuddan ƙasar nan, akwai kufai, makabarta da wuraren ibadar gargajiya. Tukwanen da kuka gani a kan kabari na masu shi ne, kada a taɓa, kada a ɗauki hoto sai ɗan jagora ya ba da izini.