Yadda Za a Hana Hirar Tarihi Zama Musu a Zauren Dattawa

Tambaya: Malam, mu dattawa ne 12 da muka ajiye aiki, mazauna Maitama. Kowace Asabar bayan La'asar mukan taru a gidan ɗayanmu mu sha shayi. Mun so mu mayar da zaman na tattauna tarihi, amma da an fara sai a faɗa musun siyasa, wani ma ya ce Abuja garin jiya ne, ba shi da wani tarihi. Ina mafita? Daga wani Alhaji, Maitama.

Amsa: Ranka ya daɗe, matsalarku biyu ce: ba ku tsayar da batu ba, kuma kun tsallake ƙasar da kuke zaune a kai. Hirar da ba ta da linzami, siyasa ce ke hawanta.

Mai cewa Abuja ba ta da tarihi, titunan unguwarku ne suka rufe masa ido. Wanda kullum yake bin titin Amazon da Nile da Mississippi, da sauƙi ya manta cewa gonakin Gwari ne aka shimfiɗa wa kwalta. Kafin dokar mayar da nan babban birnin ƙasa da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa ranar 3 ga Fabrairu, 1976, bayan rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, Gwari da Koro da Gade da Gwandara da Bassa ne ke noma a wannan yanki. Sunan Abuja ma aro ne daga garin da Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa a 1828, wanda aka mayar Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ai ba a rasa nono a ruga.

Da farko, ku tsayar da batu ɗaya a kowane zama, a sanar mako guda kafin ranar. Mutum ɗaya ya yi magana ta rabin sa'a, sannan a yi tambayoyi, shugabancin zama kuma ya riƙa zagayawa. Kada a wuce sa'a ɗaya da kwata. Mai ciwon baya da mai nauyin ji su zauna kusa da mai magana, a tashi kafin Magariba.

Na biyu, kuma nan ne maganin musu: duk mai magana ya rarrabe tsakanin "na gani", "an gaya mini" da "na karanta". Idan wani ya ce yana nan ranar 12 ga Disamba, 1991 da Janar Babangida ya dawo da fadar gwamnati daga Legas, a tambaye shi inda ya tsaya, wa ke kusa da shi, a ina ya kwana. Mutum ba ya musu da abin da idon wani ya gani. A kan hukunci ake faɗa. Saboda haka ku hana tambayar "wa ya fi wani" ku riƙe ta "yaya aka yi".

Na uku, kowa ya zo da abu a hannu. Takardar canjin wurin aiki da ta yi ja don tsufa, hoton gidan da aka fara ba shi a Garki, ko takardar fili. Ko Naira 20 aka ɗora a tabarma, hoton Ladi Kwali da ke bayanta ya isa hirar yini guda, daga tukwanenta har zuwa makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja.

Na huɗu, ku gayyaci 'yan ƙasa. Mutanen tsohuwar Wuse suna Sabon Wuse a Jihar Neja, wasu ƙauyukan kuma an mayar da su Kubwa. Ku bi ta hannun mai unguwarsu, ku aika mota, ku ba dattijonsu kujerar gaba. Zai faɗi abin da zai sosa muku rai game da tashin da aka yi musu. Ku saurara, kada ku kare gwamnati. Hajiyoyi ma a ba su ranarsu, domin su suka san inda aka sayi cefane da ruwa lokacin da garin yake daji.

Na ƙarshe, ku ɗauki murya. Jika ɗaya da waya ya isa. A nemi izinin mai magana, a faɗi sunansa da kwanan wata a farkon ɗauka, a ajiye kwafi a wuri biyu. Don tantance shekaru, ku nemi littafin tarihin Abuja na Hassan Dallatu da Shu'aibu Na'ibi, ko ku leƙa Arewa House a Kaduna.

Alhaji, waɗanda suka ga Maitama tana daji raguwa suke kowace shekara. Asabar mai zuwa ku fara da wanda ya fi kowa tsufa a cikinku.