Darasin Kimiyya: Me Ya Sa Hanyar Raba Wutar Lantarki Take Bukatar Sabon Tsari?

Idan aka ɗauke wuta, yawancinmu cewa muke yi ba a samar da isasshiya ba. Haka ne, amma akwai wata matsala. Ko da an ninka wutar da ake samarwa, ba za ta iso gidajenmu yadda ya kamata ba idan hanyar da take bi ta tsufa.

Matakai uku na tafiyar wuta

Mataki na farko shi ne samarwa. Ana yin haka a madatsun ruwa kamar Kainji, wadda aka buɗe a 1968, da Shiroro da Zungeru a Jihar Neja, da tashoshi masu amfani da iskar gas kamar Egbin a Legas.

Na biyu shi ne jigila. Kamfanin TCN ne yake ɗaukar wutar a kan dogayen turaku na ƙarfe da ƙarfin bolt 330,000 ko 132,000.

Na uku shi ne rabawa, kuma a kansa darasinmu yake. Ana rage ƙarfin wutar zuwa bolt 33,000, sannan 11,000, sai taransfomar unguwa ta mai da ita kusan 230 wadda fitila da fanka suke iya ɗauka. Tun 2013 kamfanoni goma sha ɗaya aka miƙa wa wannan aiki. Misali, KEDCO ke kula da Kano da Katsina da Jigawa.

Ina matsalar take?

Tsohon tsari kamar bishiya yake: gindi ɗaya, rassa da yawa. Idan reshe ya karye, duk ganyen da ke kansa sai ya bushe. Haka idan waya ɗaya ta tsinke, duk unguwannin da ke gabanta sun shiga duhu.

Sannan garuruwa sun faɗaɗa. Taransfomar da aka sa don gidaje kaɗan yanzu tana ɗauke da sababbin gidaje, da firji, da injin markaɗe, da mai walda. Kaya ya yi mata yawa, sai ta yi zafi ta ƙone. Kuma idan waya ta yi tsawo kuma siririya ce, wani ɓangare na wutar yana zama zafi ya ɓace a hanya. Shi ya sa gidan da ke ƙarshen layi yake samun wuta mara ƙarfi, fitila ta yi ja kamar garwashi.

Gyare-gyare huɗu

1. Tsarin zobe. A haɗa layuka su zagayo, ta yadda kowace unguwa za ta iya samun wuta ta ɓangare biyu. Idan ɗaya ya lalace, a juya ta ɗayan.

2. Ƙananan taransfomomi kusa da gidaje. Wuta mai bolt da yawa ba ta asara sosai a hanya. Don haka gara a kawo layin 11,000 kusa, a sa ƙaramar taransfoma ga gidaje kaɗan. Idan ta lalace ma, ba unguwa duka za ta shafa ba.

3. Waya mai rufi da mita. Wayar da aka lulluɓe da roba tana rage haɗari lokacin iskar damina, kuma tana da wuyar sata. Mita kuwa tana sa mutum ya biya daidai abin da ya sha. Akwai ma mitoci na zamani da ke aika saƙo ofis, a san inda wuta ta yanke tun kafin a kai ƙara.

4. Yi wa sola wuri. Da can wuta hanya ɗaya take bi, daga tasha zuwa gida. Yanzu makarantu da kasuwanni suna iya samar da tasu, kamar Jami'ar Bayero ta Kano da aka buɗe mata tashar sola a 2019. Layin gobe dole ya iya karɓar rarar irin wannan wuta ya kai wa maƙwabta. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta kuma ba jihohi damar tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu.

Me ya shafe mu?

Mu ne za mu rubuta jarrabawar JAMB a kwamfuta nan da 'yan shekaru. Asibitin unguwa yana bukatar firji don ajiye allurar rigakafi, tela da mai walda kuma da wuta suke ciyar da iyalansu. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Idan ana yanka filaye a sabuwar unguwa, a ware wurin taransfoma da hanyar turaku kafin a fara gini.

Namu aikin a yanzu shi ne mu kashe fitila da fanka idan za mu fita daga aji, kada mu taɓa wayar da ta faɗo, mu sanar da manya nan take.

Tambayar wannan mako: me ya sa gidan ƙarshen layi yake samun wuta mara ƙarfi? A kai amsa ga sakataren ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Juma'a.

Daga ɗalibar aji biyu na ƙaramar sakandare