Yadda ake lanƙwasa tol a gida da na'urar da ka haɗa da hannunka

Kafin ka ɗauki guduma, tambayi mai sayarwa inda ƙarfen ya fito. A Arlit da Akokan wannan tambaya ta lafiyar iyalinka ce. A 2003 masu binciken ƙungiyar CRIIRAD daga Faransa sun tarar da tsofaffin ƙarafa masu ɗauke da gubar yuraniyom ana sayar da su a kasuwar Arlit, kuma ido ba ya bambanta su da sauran. Duk tol ko bututun da ya fito daga wurin haƙar ma'adinai, bar shi ko da kyauta ne. Sayi sabo.

Tanadi korniyar (ƙarfe mai kusurwa) uku masu faɗin santimita 5, kowace tsawon mita ɗaya, da pomel biyu irin na ƙofar ƙarfe, da bulon biyu, da guntun bututu. Wannan na'ura ta tol mai kaurin milimita ɗaya ce. Mai kauri sosai zai tanƙware ta.

Kafa korniyar ta farko a bakin tebur. Jera ta biyu a gabanta, samansu daidai wa daida, mai walda ya haɗa su da pomel a gefe da gefe. Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci: dole tsakiyar pomel ta hau kan layin da ƙarafan biyu suka haɗu. In ta kauce ko kaɗan, tol zai ja, lanƙwasar ta fito a karkace. A fara ɗiga walda, a gwada motsin, sannan a ƙarasa. Ta uku a kife ta a saman ta farko, a huda bakunanta don bulon; ita ce mai danne tol. Bututun kuma a liƙa shi jikin ta biyu ya zama mariƙi.

Ja layi a kan tol da ƙusa, daidaita shi da bakin madannin, ɗaure bulon tamau. Ɗaga mariƙin a hankali, ba da fizga ba. Ka ɗan wuce kusurwar da kake so, domin ƙarfe yana komawa baya kaɗan idan an sake shi. Gwada da guntu tukuna.

Idan tsakiya ba ta kwanta kamar gefuna ba, ɗora katako mai tauri ka buga a kansa. Guduma kai tsaye tabo take bari.

Akwati ko tire kake so? Yanke kusurwoyi huɗu, ninke bakunan don kada su yanki hannu, sannan ka tayar da gefunan. Kada ka sa wa farin tol wuta, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Sa safar hannu, ka yi aikin da sassafe, domin tol ɗin da ya sha ranar Arlit ba ya taɓuwa da azahar.