Ƙwayar Halitta, Ƙwayar Gado da Rukunin Jini: Nazarin Keɓaɓɓun Kalmomin Ginin Jiki a Hausa Bisa Misalin Cutar Sikila

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda Hausa take bayyana matakan ginin jikin ɗan Adam waɗanda ido ba ya iya gani. An lura cewa kalmar "ƙwayar halitta" tana ɗauke da ma'anoni uku mabambanta a bakin masu fassara da ma'aikatan lafiya, haka kuma kalmomin "jini" da "jijiya" suna ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinsu. An yi amfani da cutar sikila wajen nuna illar wannan cuɗanya, sannan aka ba da shawarar kalmomin da za a keɓe wa kowane mataki.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin sassan jiki. Mahauci yana rarrabe hanta da saifa da ƙoda da huhu da tumbi da hanji da matsarmama. Maɗori ya san ƙashi da gaɓa da guringuntsi da agara. Ungozoma ta san mahaifa da mabiyiya da cibiya. A fagen rubutu ma Sakkwato tana da tarihi: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi talifi da Larabci kan ciwon basir da ciwon ido da kuma amfanin filasko, baffansa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya wallafa Masalihul Insan, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Masana irin su Farfesa Aliyu Muhammad Bunza na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun yi dogon nazari kan magungunan Hausawa.

Sai dai wannan taska ta kalmomi ta tsaya ne inda ido ya tsaya. Abin da ke ƙasa da haka sai da madubin ƙara girma aka gan shi, don haka sunayensa a Hausa ƙirƙira ce ta baya-bayan nan, kuma kowa ya ƙirƙiri tasa. A unguwa irin Sabon Gari ta birnin Sakkwato, kamar sauran unguwannin biranen Arewa, da Ingilishi ake rubuta sakamakon gwajin jini, amma da Hausa ake yi wa mai shi bayani. Kalmar da aka zaɓa a wannan bayani tana iya ƙulla aure ko ta warware shi.

2.0 Matakan Ginin Jiki

Ana iya kwatanta jiki da ginin ƙasa: akwai ƙasa da ruwa, akwai tubali, akwai bango, akwai ɗaki, sannan gida.

Mataki na farko shi ne na sinadarai. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin baligi ruwa ne. Sauran sun haɗa da furotin da kitse da sukari da gishirin ma'adinai, irin su ƙarfen da ke cikin jini da sinadarin kalsiyam na ƙashi. Furotin sarƙa ce da aka ƙulla da ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid, kuma jerin da suka bi shi ke tabbatar da siffar furotin ɗin da aikinsa.

Mataki na biyu shi ne tubalin rai, wato mafi ƙanƙantar abin da ke da rai a karan kansa. Robert Hooke na Ingila ne ya raɗa masa suna a 1665, bayan ya duba ɓawon itace ya ga ƙananan ɗakuna a jere. Masana biyu na Jamus, Matthias Schleiden a 1838 da Theodor Schwann a 1839, suka tabbatar da cewa da irin wannan tubali aka gina tsirrai da dabbobi. An ƙiyasta cewa jikin mutum yana da fiye da tiriliyan 30 daga cikinsu. Kowane tubali yana lulluɓe da tantani, mafi yawan nau'o'insu kuma suna da cibiya a tsakiya, inda aka adana sinadarin DNA a cikin zarurruka 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Kowane yanki na wannan zare da ke ɗauke da umarnin ƙera wani furotin shi ne abin da ake gada daga iyaye.

Mataki na uku shi ne haɗuwar tubala masu aiki ɗaya. Likitan Faransa Xavier Bichat ya yi fice wajen bayyana wannan mataki a farkon ƙarni na 19, kuma kalmar da ya yi amfani da ita tana nufin saƙa. Larabawa ma "nasij" suke cewa. Iri huɗu ne: mai lulluɓe jiki ciki da waje, mai haɗawa da tallafewa, wanda ya ƙunshi ƙashi da guringuntsi da kitse da jini, sai tsoka, sai kuma mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Daga waɗannan ake samun sassa irin su zuciya da hanta, a nan ne kuma ilimin mahauci ya fara.

3.0 Cutar Sikila a Kan Waɗannan Matakai

Sikila, wadda Hausawa ke kira amosanin jini, ta ratsa dukkan matakan. James Herrick ne ya fara bayyana ta a rubutun likitanci a Amurka a 1910. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin haimoglobin, furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini. Daga baya, a tsakanin 1956 da 1957, Vernon Ingram ya gano cewa amino asid ɗaya tak aka musanya, na shida a jerin ɗaya daga sarƙoƙin furotin ɗin. Umarnin ƙera wannan sarƙa yana kan kuromosom na 11.

Idan oksijin ya yi ƙaranci, irin wannan haimoglobin yakan manne wa juna ya yi tsinkaye, sai jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje. Lafiyayyar ƙwaya tana da laushi, tana kuma rayuwa kimanin kwana 120. Mai siffar lauje takan sandare, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Toshewar ke kawo azabar ciwon ƙashi. Saurin mutuwar ke kawo ƙarancin jini, shi ne kuma ke sa idanu su yi ɗorawa kamar na mai shawara. Saifa takan lalace tun ƙuruciya, sai yaro ya riƙa saurin kamuwa da cututtuka.

Wanda ya gaji umarnin sikila daga iyaye biyu shi ne SS. Wanda ya gaji ɗaya shi ne AS, kuma galibi lafiyarsa ƙalau. Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya sa gadon ya yaɗu a ƙasashen sauro. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu cutar a ƙasar kowace shekara. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da wannan gwaji.

4.0 Wuraren Ruɗani

4.1 Ƙwayar Halitta

A kafofin watsa labarai na Hausa ana amfani da "ƙwayar halitta" ga tubalin rai, da yankin zaren da ake gada, da shi kansa sinadarin DNA. Idan aka ce "ƙwayar halitta ce ta lalace a cikin ƙwayar halitta", mai sauraro bai ƙaru da komai ba. Abin lura shi ne, jar ƙwayar jini da ta nuna ba ta da cibiya, don haka ba ta ɗauke da umarnin gado. Umarnin yana cikin uwayen ƙwayoyin da ke ɓargo, inda ake ƙera jini. Wanda ya fahimci haka zai gane dalilin da ya sa ƙarin jini yake kawo sauƙi na ɗan lokaci kawai, alhali dashen ɓargo yana iya warkarwa. Zai kuma gane cewa babu jiƙo ko tsimi na "wanke jini" da zai mayar da SS ya koma AA.

4.2 Jini

A Hausa jini yana nufin ruwan jiki, yana nufin dangantaka, kamar a "wane jinina ne", yana kuma nufin jituwa, kamar a "jininmu ya haɗu". Ma'aikacin ɗakin gwaji da ya ce wa saurayi da budurwa "jininku bai haɗu ba" ya faɗi magana mai harshen damo. Idan kuma ya ce "jininku ya zo ɗaya", kunnen Bahaushe albishir zai ji, alhali AS da AS ne haɗarin. Ga kuma rukunin jini na A da B da AB da O, wanda Karl Landsteiner ya fara ganowa a 1901. Wannan ya danganci alamomin da ke bayan tantanin jar ƙwaya, umarninsa yana kan kuromosom na 9, amfaninsa kuma a wajen ƙarin jini ne. Harafin A da ya fito a gwaje-gwajen biyu yana iya sa mai rukunin A ya ɗauka shi AA ne.

4.3 Jijiya

Kalma ɗaya ce Hausa take amfani da ita ga hanyar jini, da zaren da ke kai saƙo, da igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi. Girkawan dā ma haka suka yi, har sai da Hirofilus na Iskandariyya ya rarrabe su a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Idan aka ce wa uwa "jijiyoyin ɗanki sun toshe", tana iya kai shi wajen mai tausa ko maɗori, alhali ruwa da maganin ciwo da asibiti yake bukata.

4.4 Ɗaya Cikin Huɗu

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Fassarar da ake yawan ji, cewa "a cikin 'ya'ya huɗu ɗaya zai yi sikila", kuskure ce, domin tana sa iyayen da suka haifi mai cutar su zaci uku masu zuwa sun tsira. Kowane ciki ƙuri'a ce sabuwa.

5.0 Shawarwari

Wannan maƙala tana ba da shawarar a keɓe "ƙwayar halitta" ga tubalin rai kaɗai. Abin da ake gada a kira shi "ƙwayar gado", sinadarin DNA kuma "zaren gado". A bar "tantani" ga abin da ya lulluɓe ƙwaya, kamar yadda ma'anarsa take tun asali, a kira mataki na uku "saƙar jiki". AA da AS da SS su zama "nau'in gado", A da B da AB da O su ci gaba da zama "rukunin jini". Kada a ambaci jijiya ba tare da rakiya ba: "jijiyar jini", "jijiyar saƙo", "jijiyar ɗauri".

Akwai abin koyi. Littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya daidaita kalmomin nahawu da adabi, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kuma ya nuna cewa Hausa tana iya fassara kanta da kanta. Sakkwato tana da masana Hausa da asibitin koyarwa a ƙarƙashin jami'a ɗaya. Ya dace su zauna tare, su gwada kalmomin a kunnen ungozoma da limamin da ke ɗaura aure da iyayen yara kafin a buga su, domin kalmar da ta tsaya a takarda ba ta kai inda aka aike ta ba.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa Hausa tana da wadatar kalmomi ga sassan jiki da ido ke gani, amma a matakin sinadari da ƙwaya da saƙar jiki kalmomi kaɗan ne ke ɗauke da ma'anoni da yawa. Cutar sikila ta nuna cewa rarrabe ƙwayar halitta da ƙwayar gado, da rarrabe nau'in gado da rukunin jini, yana shafar shawarar aure da jinyar yara. Aikin daidaita waɗannan kalmomi yana wuyan masanin harshe kamar yadda yake wuyan likita.