Darasin Mako: Kusa Mochi, Koren Kayan Zaƙi na Japan

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, a wannan makon mun leƙa ƙasar Japan domin mu ga wani kayan zaƙi da ake kira kusa mochi. A harshensu "kusa" na nufin ciyawa, "mochi" kuwa curin shinkafa ne da aka kirɓa.

Ana yin mochi da wata shinkafa mai danƙo. Sai a turara ta, a zuba a turmi, mutum ɗaya yana kirɓawa, ɗaya yana juyawa da jiƙaƙƙen hannu har ta yi laushi. Korensa yana fitowa daga ganyen yomogi, ɗan uwan tazargaden da muka sani, domin duk dangin Artemisia ne. Da zarar sanyi ya wuce, akan tsinko sabon tohonsa, a tafasa don a rage ɗaci, a matse, a daka, sannan a haɗa da shinkafar. Sau da yawa akan cusa masa jan wake na azuki da aka dafa da sukari.

Tarihinsa ma akwai darasi. A da can, da wata ciyawa mai suna hahakogusa ake yin sa, sunan da ke nufin "uwa da ɗa". An ce daga baya mutane suka ga bai kyautu a daka uwa da ɗa a turmi ɗaya ba, sai suka koma ga yomogi. Har yau, a ranar 3 ga Maris, lokacin bikin 'yan mata na Hinamatsuri, ana jera mochi mai hawa uku: ruwan hoda, fari da kore. Koren nan yawanci na yomogi ne, kuma yana nuna fatan lafiya.

Amma zaƙi ba ya hana hatsari. Saboda danƙonsa, mochi kan maƙale a maƙogwaro, musamman na tsofaffi da ƙananan yara, har wasu su rasa rayukansu a lokacin bikin sabuwar shekara. Shi ya sa hukumomin Japan ke gargaɗi a yanka shi ƙanana, a tauna sosai kafin a haɗiye. Mu ma mu kula da ƙannenmu idan suna cin abu mai danƙo.

Tambayar mako: wane abincin gargajiya namu ne ake daka shinkafa da zaƙi wajen yin sa? Ku rubuta amsa ku miƙa wa ƙungiyar 'yan jarida kafin Juma'a.